Ƙofar Dawanau da Ayarin Hunturu: Yadda Fatake Suka Ratsa Sahara Cikin Ɗari

Duk wanda aka haifa a wannan sashe na birni ya san cewa da zarar watan Disamba ya kama, sai hazo ya rufe Dala da Gwauron Dutse, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, tsofaffi su kewaye wuta tun kafin hantsi. 'Yan'uwanmu mazauna Legas da Fatakwal da Abuja sukan ce babu abin da suke kewa kamar hunturun gida, ko da yake in sun zo hutun ƙarshen shekara su ne kan gaba wajen neman bargo. Abin da yawancinmu ba mu cika tunawa ba shi ne, a zamanin kakanninmu wannan lokaci na ɗari shi ne lokacin da arzikin Kano yake shigowa gari, kuma ta ƙofofinmu na arewa yake shigowa, a bayan raƙuma, bayan an sha sanyin da namu na nan bai kama ƙafarsa ba.

Ƙofar Dawanau tana fuskantar hanyar da ta bi ta Dawanau da Bichi ta nufi Katsina, daga can kuma a wuce Gazawa da Tasawa a shiga Damargu, a doshi Azbin. Maƙwabtanta, wato Ƙofar Waika da Ƙofar Ruwa da Ƙofar Mazugal, su ma duk arewa suke kallo, kuma a tsakaninsu ne ayarin da ya fito daga Katsina ko daga Damagaram ta Daura da Kazaure yake rarrabuwa. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda yake rufe ta idan rana ta faɗi. Ayarin da ya makara, ko da ya yi wata uku a hanya, sai ya sauke kaya a bayan ganuwa ya ƙara kwana ɗaya a fili, yana jin kiran sallar birni, har gari ya waye a buɗe masa.

Tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) aka fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) kuma Azbinawa suka matso kudu, gishiri ya wadata, Larabawa suka fara zama. Da Muhammadu Rumfa ya hau (1463 zuwa 1499) ya kafa Kasuwar Kurmi. Sunayen unguwanninmu kansu shaida ne: Agadasawa, Dandalin Turawa (a da Larabawan Gadamas da Tarabulus ake kira Turawa, tun kafin Nasara su karɓe sunan), da Alfindiki, wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake.

Dalilin zaɓen lokacin ɗari

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa mutum mai hankali zai zaɓi lokacin da ya fi kowane sanyi ya shiga jejin da babu gida babu itace? Amsar ita ce madugai sun auna abokan gaba biyu, ƙishirwa da sanyi, suka ga sanyi ya fi dama-dama. Raƙumin da ke ɗauke da kaya a bazara yana bukatar ruwa bayan kwana huɗu ko biyar, amma a lokacin ɗari yakan yi kwana goma ko fiye bai sha ba. Ruwan salka ma ba ya saurin ƙarewa. Bugu da ƙari, damina ta wuce ke nan, akwai ciyawa a Azbin da Damargu da dabbobi za su ci su yi ƙarfi, rafukan ƙasar Hausa sun janye, hanya ta bushe, an gama girbi, gero ya yi araha. Komai ya dace, sai abu ɗaya tak, wato daren sahara.

Yadda abin yake shi ne, iskar sahara ba ta da laima, sama kuma ba ta da gajimare. Da rana yashi yakan ɗauki zafi da sauri, da rana ta faɗi kuma sai ya sake shi da sauri, domin babu wani abu a sama da zai tare zafin kamar yadda murfi yake tare tururin tukunya. Saboda haka mutum zai yi gumi da azahar, kafin asuba kuma haƙoransa su riƙa haɗuwa. A nan Kano, a daren da ya fi tsanani, ma'aunin zafi yakan sauka kusa da digiri 10, mu ce duniya ta tashi. A Bilma kuwa, a watan Janairun 1995, ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da fiye da digiri 2, wato inda ruwa yake daskarewa. Duwatsun Azbin sun fi haka, domin ƙololuwar Bagazam ta haura mita 2,000, kuma duk yadda ƙasa ta ƙara tudu haka sanyi yake ƙaruwa.

Ayari iri biyu ne suke zuwa mana daga arewa. Na farko shi ne na Larabawan Gadamas, wanda yake tasowa daga Tarabulus a bakin Bahar Rum, ya bi ta Gadamas da Gat, ya ratsa Azbin, ya sauko Damagaram, sannan Kano. Tafiya ce da ta haura kilomita 2,500, takan ci wata uku ko fiye, ban da zaman jiran raƙuman haya da sasantawa da masu ƙasa a kan kuɗin hanya. Na biyu shi ne ayarin gishiri na Azbinawa, wanda ya fi na farko yawan raƙuma nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya fi shafar talaka, domin ba kowa ke sayen alharini ba, amma kowa yana zuba gishiri a miya, kowane makiyayi yana ba dabbarsa.

Ayarin gishiri yakan tashi daga gindin duwatsun Azbin wajen watan Oktoba ko Nuwamba, ya fuskanci gabas, ya shiga Tenere, jejin yashin da babu ko tsinke, ya nufi Fashi da Bilma, tafiyar kilomita 500 ko fiye zuwa kawai. Da yake babu abin da raƙumi zai ci a can, kafin a tashi sai an yi makonni ana yankan ciyawa ana ɗaurewa, kowane raƙumi ya ɗauki abincinsa a kan kayansa, a riƙa ajiye dammuna a hanya saboda dawowa. Haka kuma itacen girki, sai an ɗauko shi daga gida, idan ya ƙare a koma ga busasshen kashin raƙumi. A nan ne mai karatu zai gane wahalar: wutar da ake da ita ta dafa abinci ce kawai, ba ta isa a kwana ana jin ɗumi ba. Da an ci tuwo an sha shayi, sai kowa ya tona yashi kaɗan, ya jera kaya ta ɓangaren da iska ke busowa, ya naɗe cikin bargonsa a jikin raƙuminsa. Ba a daɗewa a kwance ma, domin a cikin Tenere akan yi tafiyar sa'a goma sha shida ko fiye a yini ba tare da an tsaya ba, ana dama gero da cuku da dabino ana sha ana tafe. Madugu yana gaba, da rana yana duban inuwa da kwanciyar yashi, da dare yana duban taurari. A wannan lokaci na shekara Kaza da 'Ya'yanta tana fitowa daga gabas da farkon dare, wato daidai inda aka dosa.

A Bilma sai a ba da gero a karɓi kantu da beza da dabino, a juyo. Dawowar ita ta fi wuya, domin raƙuma sun rame, kaya sun yi nauyi, ɗari kuma ya kankama. Bayan ɗan hutu a Azbin, sai a sake ɗaura kaya a nufo kudu a watan Disamba, a iso ƙasar Hausa cikin Janairu da Fabrairu. A shekarar 1906 Faransawa sun ƙiyasta ayarin Bilma da raƙuma wajen 20,000. Mu da muke ganin cunkoso idan tirela goma ta tsaya a hanyar Katsina, sai mu kwatanta.

Rawanin Buzu da amawalinsa, wanda yaranmu suke ɗauka ado ne kawai, kayan aiki ne: yana tare ƙura, yana hana leɓe da hanci bushewa, yana riƙe ɗumin numfashi. Kuma baƙin turkuɗin da ake naɗawa, a ƙasar Kano ake saƙa shi, a rina shi, a buga shi, musamman a Kura. Ashe mu muke tufatar da masu ratsa sahara. Su kuma Larabawa suka kawo mana alkyabba da mulufi. Alkyabba a ƙasarta ta asali rigar sanyi ce ta gashin tumaki, wadda makiyayi da matafiyi suke lulluɓa da ita a tsaunukan Magrib. Da ta ƙetaro sahara ta zo inda ba a samunta sai da tsada, sai ta zama tufar sarauta, har ga shi yau ana naɗa hakimi a saka masa ita a tsakiyar bazara yana ta gumi.

Shaidar baƙi biyu

Kakanninmu ba su rubuta yawan sanyin da suka sha ba, domin a wurinsu ba labari ba ne. Baƙin da suka biyo ayarinsu su ne suka rubuta. A watan Disambar 1823 wasu Turawan Ingila biyu, Kyaftin Clapperton, wanda ya kira kansa Abdullahi, da likita Oudney, suka taso daga Kukawa tare da fatake za su Kano. A ƙarshen watan, a wajejen ƙasar Bade, suka wayi gari suka tarar ruwan da ya kwana a ƙananan mazubai ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu kuma sun sandare kamar katako. A lura, wannan ba a tsakiyar sahara ya faru ba, a nan gabas da mu ne, tafiyar 'yan kwanaki. Dalilin bai da wuyar fahimta ga wanda ya san randa: salka tana tsattsafo da ruwa ta jikin fata, busasshiyar iska tana ɗauke wannan laima, ɗaukewar kuma tana ƙara sanyaya abin da ke ciki. Abin da yake ba mu ruwan sanyi a bazara shi ne ya daskarar da nasu a hunturu. Oudney dama yana fama da ciwon ƙirji, wannan sanyi ya ƙarasa shi, ya rasu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824. Clapperton ya shigo Kano shi kaɗai ranar 20 ga wannan wata, a zamanin Sarki Ibrahim Dabo, daga nan ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Na biyu shi ne Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu. Ya bar Tarabulus a watan Maris 1850, ya ziyarci Agadas a Oktoba, sannan a Disamba ya bi ayarin gishirin Kel Owi zuwa kudu, yana kukan sanyin asuba da ƙarangiya. Ya bi ta Tasawa da Katsina da Kusada da Bichi, wato hanyarmu sak, ya shigo birni ranar 2 ga Fabrairu 1851 a zamanin Sarki Usman, aka sauke shi a Dala. Ya ƙiyasta gishirin ayarin da ya biyo da kayan raƙuma 3,000. Amma lissafinsa da ya fi jan hankalinmu shi ne na jama'a: ya ce mazauna birnin Kano wajen 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu, idan baƙi suka cika gari, sukan kai 60,000. Wato hunturu yakan ninka Kano sau biyu. Fatoma ya samu baƙi, dillali ya samu la'ada, marina da majema da dukawa su kwana aiki, mai gona a bayan gari ya samu takin raƙuma, mai tuwo-tuwo ma ta sayar.

Waɗanda ba su da bargo

Tarihi ba ya cika idan an faɗi daɗi an ɓoye ɗaci. Cikin kayan da suke fita ta waɗannan ƙofofi zuwa arewa, ban da turkuɗi da jar fata da takalma da hauren giwa da gashin jimina, akwai mutane. Bayi ne, yawancinsu mata da yara, waɗanda aka kamo daga ƙasashen da ba a san irin wannan sanyi ba, aka tasa su a ƙasa, daga mai ɗan bante sai mai tsumma. Attajiri yana da alkyabba da tanti, Buzu yana da bargo da raƙumi, bawa kuwa sai jikin ɗan'uwansa. Denham, abokin tafiyar Clapperton, ya ba da labarin cewa da suka sauka rijiyar Mashru a kan hanyar Fazzan zuwa Barno a watan Disambar 1822, sun ga ƙasusuwan mutane fiye da 100 a warwatse kewaye da ita, akasarinsu na bayi. Yunwa da gajiya ne suka fi kashe su, amma duk wanda ya taɓa kwana da yunwa a hunturu ya san yadda sanyi yake cin mai wofin ciki. Jikokin waɗanda suka tsira suna nan a Gat da Gadamas da Tarabulus da Tunis. A ganinmu, idan muna alfahari da cinikin sahara, wajibi ne mu riƙa ambaton waɗannan bayin Allah tare da madugai.

Yadda hanyar ta mutu

Faɗuwar wannan ciniki ba ta ɗauki lokaci ba. Faransawa suka kama Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a Fabrairun 1903, hanyar da take ɗaya ta koma ƙarƙashin tutoci daban-daban. Duk da haka ba a daina bin ta nan take ba: a 1906 Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda daga baya ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909, ya ratso daga Tarabulus zuwa Barno tare da alhazai da 'yantattun bayi masu komawa gida. Shekarar 1911 ce ta yanke hukunci. A cikinta Italiya ta auka wa Tarabulus, a cikinta kuma titin jirgin ƙasa ya iso Kano. Kayan da yake wata uku a bayan raƙumi ya koma zuwa ta teku da jirgi cikin 'yan makonni, kuma da araha. Kano ta juya fuskarta kudu, gyada ta maye gurbin gashin jimina, harkar gari ta koma wajen Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da Fagge, ƙofofinmu na arewa suka yi shiru. Yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar Faransawa suka hallaka raƙuman Azbin masu yawa. Ayarin gishiri dai bai mutu ba, ya rage ne ƙwarai, mota ta karɓe mafi yawan aikinsa. A 1973 ma wata babbar mota ta kaɓe itaciyar nan tilo ta Tenere, wadda madugai suka yi shekaru aru-aru suna saiti da ita ba wanda ya taɓa karyar reshenta don hura wuta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai.

Sashenmu ya sake farfaɗowa ne da kafuwar kasuwar hatsi ta Dawanau a 1985, inda manyan motoci suke lodin gero da dawa da masara da wake zuwa Nijar da gaba da ita. Idan aka duba da kyau, cinikin da Azbinawa suke yi ne bai canja ba, hatsin kudu yana tafiya arewa, sai dai amale ya zama tirela. Akwai kuma babban titin da aka tsara daga Aljas zuwa Legas, mai tsawon kilomita wajen 4,500, wanda ya bi ta Tamanrasat da Arlit da Agadas da Damagaram da Kano, kusan a kan sawun raƙuman da.

Sai dai akwai wani sabon ayari da ya kamata iyaye su sani. Tun daga shekarun 1990, musamman bayan faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011, dubban matasan Afirka ta Yamma, har da 'ya'yan Kano, suke bi ta Agadas da Dirku zuwa Sabha a Libiya, ko ta Arlit zuwa Aljeriya, neman aiki ko neman tsallaka teku. A bayan Hilux ake loda su, mutum ashirin ko fiye, ƙafafu a waje, kowa ya riƙe sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Tafiyar da raƙumi yake yi a makonni, mota tana yin ta a kwana uku ko huɗu, amma ta fuskar sanyi mai raƙumi ya fi su sauƙi. Shi yana tafiya a ƙasa jini yana gudu, yana da madugun da sunansa zai ɓaci idan ya rasa mutum, kuma idan raƙumi ɗaya ya faɗi akwai ɗari. Su kuwa a zaune suke wuri ɗaya, mota tana keta iskar dare da gudu, wanda barci ko sandarewar hannu ya sa ya saki sanda ba lalle direba ya tsaya ba, idan inji ya lalace kuma babu na biyu. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, kuma yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, wadda ba ta da nisa da Daura. Ƙishirwa ce ta kashe su.

A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, abin da ya sa direbobi suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi da shingayen soja suna bin ɓoyayyun hanyoyi, inda wanda ya ɓace ba a ko samun gawarsa. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, motoci suka koma tashi daga Agadas a fili. A tashoshin garin akwai 'yan tebur da sana'arsu ita ce sayar wa matafiya jarkar ruwa da aka naɗe da buhu, da rigar sanyi ta gwanjo, da safar hannu, da hular da take rufe fuska, da tabarau. Da yawa daga cikin yaran a nan suke fara jin cewa za su bukaci irin waɗannan kaya, domin sun baro gida da riga ɗaya, kuma abin da aka faɗa musu game da sahara zafi ne kawai.